Ranar da Igwa Ta Tashi a Bakin Teku

Umaima ba ta san Abdurrahim zai zo ba. Da ta sani, ko da igiya aka ja ta ba za ta shiga motar nan ba.

Ƙungiyar ɗaliban Arewa ce ta shirya tafiyar. Mutanen Birmingham a motarsu, na Manchester a tasu, a haɗu a wani ɗan gari na bakin teku wanda ba shi da abin tinƙaho sai yaƙin duniya na biyu. Kawunta, Alhaji Uba, wanda ya daɗe a unguwar Sparkbrook ta Birmingham har ɗalibai suka maishe shi uban ƙungiya, shi ya kira ta da kansa ya ce ta shirya. Ta ce tana da aikin makaranta. Ya ce aikin ya jira.

Ba tekun take gudu ba, mutane take gudu.

Kusan shekara biyu Abdurrahim yana hawo jirgin ƙasa daga Manchester yana zuwa wurinta a unguwar Selly Oak ta Birmingham. Kawu bai ƙi shi ba da farko, don yaro ne mai natsuwa da karatu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa, wanda kowane uba zai gindaya: ya turo magabatansa su je Kano wurin mahaifinta. To a nan keken ya tsaya. Yau a ce suna ƙauye waya ba ta shiga, gobe a ce a ƙara haƙuri. Kawu ya gaji ya yanke hukunci: ko dai mayaudari ne, ko yana da mata a gida. Daga nan ya hana shi taka ƙofar gidansa, ya fara yi mata zancen Nabil, ɗan amininsa, haifaffen Birmingham mai gidan kansa da dangi cike da Kano.

Makon da ya wuce ne abin ya fashe, ta waya.

"Abdul, wannan ce tambayar ƙarshe. Yaushe za su je?"

"Ki ƙara mini ɗan lokaci, Umaima. Akwai abin da nake jira."

"Me kake jira? Mata gare ka a gida?"

"Wallahi babu."

"To uwa fa? Uba fa? Ko daga sama ka faɗo?"

Ya yi shiru. Shirun nan ne ya ƙarasa ta. Ta kashe wayar, ta toshe lambarsa, ta yafa mayafi ta hau bas sai Sparkbrook. Ta tarar da Kawu da matarsa Anti Suwaiba suna shan shayi a falo, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Kawu, na haƙura da shi. Duk wanda kuka ga ya dace, ko Nabil ɗin ne, na amince."

Kawu ya ajiye kofi. "Kin tabbata? Ba a yanke irin wannan cikin fushi."

"Na tabbata."

"In faɗa wa Abbanki haka?"

"Ka faɗa masa."

Kafin gari ya waye fushin ya huce, amma girman kai bai huce ba. Ta ce a ranta ai maganar aure ba shan ruwa ba ce, za a yi watanni ana kai da kawowa, kafin nan Abdul ya ji a jikinsa ya zo yana roƙo. Ta manta magana zarar bunu ce.

*

A cikin mota ta lura kowa ya sauya mata. Anti Suwaiba sai kallon ta take tana kawar da kai. Nabil, wanda bakinsa ba ya shiru, yau ya zama kamar an yi masa baƙi, ya karɓi jakarta ya rungume a cinya. Kawu kuwa ya waiwayo daga kujerar gaba ya ce, "In mun isa hankali ya kwanta, akwai maganar da za mu yi."

Rhoda, abokiyar zamanta a gidan haya, 'yar Jos, ta zungure ta. "Wannan kallon da ake miki fa? Kin ci gado ne ba ki faɗa mini ba?"

"Ni ma ban sani ba."

Garin ɗan ƙarami ne, titi ɗaya ne babba, shi ma ya gangara ya ƙare a ruwa. Sun yi dace ko rashin dace, ranar ce ta bikin tunawa da yaƙi. Tsofaffi sun sha kakin soja na zamanin kakanninsu, mata sun ɗaura ɗan kwali irin na da, ana ta kaɗa tsofaffin waƙoƙi a lasifika. A kan tudu ga wasu ɗakunan kankare masu 'yan tagogi, ga wata ƙatuwar igwa baki buɗe tana kallon teku. Ko'ina ƙaurin soyayyen kifi, ga tsuntsayen teku marasa kunya suna fizge dankali daga hannun mutane.

Motar Manchester ta riga su isa. Umaima na sauke ƙafa ta gan shi.

Ya rame, rigar sanyin ta yi masa yawa, amma akwai wani haske a fuskarsa da ta daɗe ba ta gani ba. Ya nufo Kawu kai tsaye, ya durƙusa a kan kwalta a gaban Turawa.

"Baba, barka da hanya."

"Yauwa," in ji Kawu, bai ko dube shi ba.

"Baba, ina neman alfarmar magana da kai. Ba zan ɗauki lokaci ba."

"Ba yanzu ba."

Ya miƙe ya dubi Umaima. Ta ɗauke kai tana gyaran mayafin da babu abin da ya same shi.

Wata tsohuwar Baturiya mai hular soja ce ta zagaya da su. Ta kai su bakin wani dogon rami da aka haƙa a cikin dutse, ta ce nan mutanen garin suke kwana in jiragen Jamus suka taso. Ta ce mahaifiyarta tana yarinya ta shiga da dare, da safe suka fito babu gidansu, babu maƙwabtansu. Ɗalibai suka shiga suna ɗaukar hoto, Nabil na ta faɗin, "This is mad." Abdurrahim ya yi taku kaɗan a cikin duhun, sai ya juya ya fita da sauri yana share gumi, a wannan sanyin.

Umaima ta gani, ta ce a ranta: ko inuwa ɗaya ba ya son sha da ni. Ranta ya ƙara ɓaci.

Da azahar ta yi, Musulmin cikinsu suka koma bayan tashar motoci suka shimfiɗa riguna suka yi salla, Rhoda na gadin jakunkuna. A daidai lokacin ne aka sanar a lasifikar bakin ruwa cewa za a busa jiniya a harba igwa, harbin wasa ne, kada kowa ya tsorata. Duk garin ya ji, ban da su.

Suna gangarowa bakin ruwa, kowa da kifinsa a takarda, jiniya ta ɗauka. Kuka ne mai tsawo, yana hawa yana sauka. Kafin su tambayi juna, igwar kan tudu ta tashi.

Ƙasa ta girgiza. Bindigogi suka biyo baya, ta-ta-ta-ta, hayaƙi ya turnuƙe tudun.

Turawa suka hau tafi. Nabil ya ɗaga wayarsa yana dariya. Amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Rhoda ta zube rub da ciki tana kiran Yesu. Ɗalibai suka watse, wannan ya bar takalmi, wancan ya shige ƙarƙashin benci. Umaima ta daskare a tsaye, kifin ya faɗi daga hannunta.

Ba ta ga tahowarsa ba. Ji kawai ta yi an fizge ta, an ja ta a guje zuwa bayan wata katangar kankare, an danne ta ƙasa. Abdurrahim ne ya rufe ta da jikinsa, hannunsa ɗaya a kanta, yana ihu da wata murya da ba ta taɓa ji ba.

"Sun zo! Inna, ki kwanta! Raki, kar ki fita! Falalu, dawo, dawo na ce! Sun zo!"

"Abdul! Abdul, ni ce!"

Bai ji ta ba. Idanunsa a buɗe suke amma ba garin nan suke gani ba.

Harbin ya tsaya. Waƙar lasifika ta dawo. Mutane suka taru a kansu, Turawa da baƙaƙe, kowa baki sake. Anti Suwaiba ta dafe ƙirji tana salati.

"Kai!" Muryar Kawu ta tsaga wurin. "Ɗaga ta! Wane irin rashin ta ido ne wannan?"

Abdurrahim ya ɗago a hankali. Ya dubi teku, ya dubi tsofaffin nan masu kaki suna shan askirim, ya dubi Umaima a ƙasa, yashi a fuskarta. Sai ya ja da baya ya jingina da katangar, ya haɗa kai da gwiwa. Bai saki hannunta ba, bai ma san yana riƙe da shi ba.

Tsohuwar mai hular soja ta kawo ruwa a gora tana ta ba da haƙuri. Ita ce ta kori mutane, ta ce a ba shi iska.

Umaima ta tashi zaune. "Wace ce Raki?"

Bai ɗago kai ba.

"Abdul, ina tambayar ka. Wace ce Raki? Wane ne Falalu?"

"Ƙannena ne."

"Ba ka taɓa faɗa mini kana da ƙanne ba."

"Ba ni da su." Ya girgiza kai. "Da dai ina da su."

Kawu, wanda ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, ya rufe shi.

Abdurrahim ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce ranar kasuwar ƙauyensu ce, can Zamfara, yana hutun jami'a. Da rana tsaka 'yan bindiga suka shigo a kan babura. Mahaifinsa da baffanninsa suna rumfa, a nan aka same su. Inna, mahaifiyarsu, ta tura shi da ƙannensa cikin rumbu ta ce kowa ya yi shiru. Raki ta ji kukan Inna ta fita. Falalu ya bi ta.

"Ni ban fita ba," in ji shi. "Ni ne babba, ni ne ban fita ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Anti Suwaiba, hawaye na zuba.

"Ƙauyen ma babu shi yanzu, Baba. Kullum kana cewa in turo magabatana, ni kuma in rasa bakin da zan ce maka duk suna rami ɗaya. Na taɓa faɗa a wani gida a Gusau, aka yi mini ta'aziyya, aka ba ni ruwa na sha, washegari aka aiko cewa ba za su ba da 'yarsu inda babu dangin da za a kai wa ƙara ba."

Umaima ta toshe bakinta da gefen mayafi. Maganarta ta makon jiya ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Uwa fa? Uba fa? Ko daga sama ka faɗo? Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na shiga uku," ta ce cikin kuka. "Abdul, me na faɗa maka? Da wane baki na faɗa? Me ya sa ka bar ni na faɗa?"

"Ba ki sani ba."

"Ai da ka sanar da ni! Shekara biyu ina zargin ka, ina cewa wasa kake da ni, kai kuwa kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Ni ba mutum ba ce a wurinka?"

"Tsoro nake ji, Umaima. In na faɗa, ke ma a raba ni da ke. Kuma duk ranar da na faɗa da bakina, sai in ji kamar ranar suka mutu."

"Ka yafe mini. Don girman Allah ka yafe mini."

"Ban taɓa riƙe ki ba."

Ya goge fuska da hannun riga, ya juyo wurin Kawu, hasken nan na ɗazu ya dawo idonsa.

"Baba, abin da ya kawo ni ke nan yau. Ba don teku na zo ba, na ji za ka zo ne. Akwai ƙanen mahaifina, Baffa Sanda, ranar ya tafi fatauci. Tun lokacin nake cigiyarsa, wasu su ce ya rasu, wasu su ce ya haura Nijar. Shi nake jira. Shekaranjiya aka haɗa ni da shi ta waya, yana Maraɗi, yana raye. Mun yi kuka har muryarmu ta dushe. Na faɗa masa zancen Umaima, ya ce ko da ƙafa ne zai je Kano." Ya yi wata 'yar dariya cikin hawaye. "Na samu magabaci, Baba. Mutum ɗaya ne, tsoho ne, ba shi da komai, amma nawa ne."

Umaima ta juya da sauri. "Kawu ka ji? Ka ji ko? Na janye maganata. Fushi ne, wallahi fushi ne. Ka kira Abba yanzu ka ce masa na janye."

Kawu ya sunkuyar da kai.

Mutumin da ba a taɓa ganin ya rasa ta cewa ba, yau ya cire hula yana murza ta a hannu. Anti Suwaiba ta juya musu baya, kafaɗunta na girgiza.

"Kawu?"

"Yaro," in ji Kawu da dusasshiyar murya, "me ya hana ka faɗa mini? Ko da makon jiya ne? Wallahi da ni zan tsaya maka. Da ni zan zame maka uba in je Kano da kaina."

"Ai bai ɓaci ba, Kawu!" in ji Umaima. "Me ya ɓaci? Magana ce kawai na yi!"

Nabil ne ya matso. Tun ɗazu yana tsaye gefe da jakarta a hannu, wayar ta daɗe da komawa aljihu. Babu dariya a fuskarsa, babu fushi, shi ma idonsa ya kaɗa.

"Uncle, ka faɗa mata, please. Ni ba zan iya ba."

"A faɗa mini me?"

Nabil ya dubi hannun Abdurrahim a kan nata, ya kawar da kai, ya sake duba. Da Hausarsa mai tsami ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, I'm so sorry. Wallahi ban san komai ba. Amma ka sake mata hannu. Matata ce."

Umaima ta yi dariya, irin wadda ke fitowa in kunne ya ji abin da kai bai ɗauka ba. "Matar wa? Kawu, me yake cewa?"

"Na kira Abbanki a daren da kika zo," in ji Kawu, yana kallon hularsa. "Na faɗa masa abin da kika ce in faɗa. Kin san jikinsa ya daɗe babu daɗi, kullum cewa yake yana son ya ga aurenki da idonsa. Baffannin Nabil kuma ga su can a unguwarku. Jiya bayan an sauko daga masallacin Juma'a ya tara mutane." Ya ja numfashi. "An ɗaura, Umaima. Ni ma sai da aka shafa fatiha aka kira ni. Maganar da na ce za mu yi ke nan."

"Ba ni nan aka ɗaura?"

"Yaushe aka taɓa ɗaurawa da amarya a wurin? Waliyyinki ya bayar, wakilinsa ya karɓa, shaidu sun shaida."

"Wa ya tambaye ni?"

"Ni na tambaye ki, 'yar nan. Har na sake tambaya."

Jiya war haka tana ɗakin karatu tana leƙa wayarta, tana tunanin ko ta buɗe lambar Abdul. Ashe a lokacin ana rabon goro da alewa da sunanta.

Ta ji hannunta ya yi sanyi. Abdurrahim ya saki.

Ya miƙe da ƙyar yana dafa katanga, ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya bar tazarar da namiji ke bari tsakaninsa da matar wani.

"Abdul, kar ka tafi," ta ce. "Abdul, ka dube ni. Ban sani ba, wallahi ban sani ba!"

Bai dube ta ba, don yanzu ba shi da ikon kallon. Ya karkaɗe yashin gwiwarsa, ya juya wurin Nabil, ya sunkuyar da kai.

"Ka yafe mini," ya ce. "Na taɓa maka iyali ban sani ba."